Hikimar Sin a Bakin Bahaushe: Tarihin Wata Fassara da Gadon Feng Youlan

A ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 1961 ne garin Mubi, tare da sauran yankin da Turawan Ingila suka riƙe amana da sunan Arewacin Kamaru, ya shiga Tarayyar Nijeriya, bayan ƙuri'ar raba-gardama da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kanta a watan Fabrairun wannan shekara, inda mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 kuma suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna, aka mai da Mubi hedikwatarsa. Shekara biyu cif bayan haka, a ranar 1 ga Yunin 1963, gidan rediyon Peking ya buɗe sashensa na Hausa, kuma tun daga lokacin ne tunanin mutanen ƙasar Sin ya fara isowa wannan nahiya cikin harshen da ake ciniki da shi a kasuwar shanun Mubi. Zaɓen Hausa da hukumomin Sin suka yi ya fi ƙarfin Hausawa kaɗai, domin a gari irin Mubi, inda Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi da Kilba da Fulani suke zaune tare a gindin duwatsun Mandara, Hausa ce harshen da kowa ke komawa gare shi idan ya fita daga gidansu, saboda haka duk wanda ya yi magana da ita ta iska ya yi magana da garin baki ɗaya.

Kafin wannan lokaci, Sin a wurin Bahaushe suna ne na iyakar duniya. Almajirai sun san ta a cikin zancen nan da ke kwaɗaitar da neman ilimi ko da a Birnin Sin yake, wanda malaman hadisi suka yi maganganu a kan ingancinsa, fatake kuma sun san ta a matsayin tushen wasu kayayyaki da ke biyo hannun Larabawa da Turawa. Amma abin da masanan wannan ƙasa suka rubuta game da ɗabi'a da mulki da asalin halitta, wato abin da ake kira falsafa, ilimin da ke bin diddigin tushen abubuwa da hujjar hankali, bai kasance cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai ba, bai kuma shiga jerin abubuwan da Hukumar Fassara, wadda Turawan mulki suka kafa wajen 1930 aka kuma mayar da ita Zariya, ta mai da hankali a kansu ba.

Yaƙin cacar baka tsakanin ƙasashen Yamma da na gurguzu shi ya buɗe ƙofar. BBC ta fara Hausa a watan Maris na 1957, Mosko da Jamus ta Yamma suka biyo baya a farkon shekarun 1960, Muryar Amurka ba ta shigo ba sai 1979. A cikin wannan gasa mai sauraro a Mubi ko Maiha ko Micika, da ƙaramar rediyonsa mai batir a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, yakan murɗa allura a hankali a kan gajeren zango, ya ratsa ƙarar iska da kiɗan wasu ƙasashe, har ya faɗa kan wata murya da ke Hausa da wani irin lafazi da bai saba ji ba, tana bayani a kan manoma da 'yan mulkin mallaka da shugaba Mao. Don samar da masu wannan murya aka fara koyar da Hausa a manyan makarantun Peking, wato Beijing, a tsakiyar shekarun 1960, ciki har da makarantar da a yau ake kira Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, kuma aka riƙa gayyato Hausawa daga Afirka ta Yamma su zauna tare da Sinawan suna gyara musu fassara, al'adar da ta ɗore har yau.

Abin da aka fi fassarawa a wancan zamani tunanin mutum ɗaya ne, Mao Zedong, wanda ya jagoranci kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949. A 1964 rundunar sojan ƙasar ta tattara gajerun zantuttukansa cikin wani ɗan littafi mai jan bango na roba, wanda aka yi shi daidai aljihun rigar soja, kuma bayan ɓarkewar abin da suka kira Juyin Juya Halin Al'adu a 1966, Maɗaba'ar Harsunan Waje ta Peking ta fitar da shi cikin harsuna da dama, har da Suwahili da Hausa. Mao bai tsaya a matsayin ɗan siyasa kawai ba, domin a 1937, yana zaune a Yan'an, ya rubuta maƙaloli biyu da ake lissafawa cikin falsafa. Ta farko ta yi magana a kan aiki a aikace, inda ya kafa hujjar cewa sani yana farawa ne daga taɓa abu da sarrafa shi, sannan hankali ya tace abin da aka gani ya zama ra'ayi, sannan a mayar da ra'ayin fagen aiki a gwada shi. Ta biyu ta yi magana a kan saɓani, wato ra'ayin cewa kowane abu yana ɗauke da ɓangarori masu ja da juna a cikinsa, cewa wannan ja-in-ja na ciki shi ne asalin sauyi, kuma aikin mai jagorantar gwagwarmaya shi ne ya gane wane saɓani ne babba a lokacin da yake ciki, kada ya ɓata ƙarfinsa a kan ƙanana.

Ba abin mamaki ba ne wannan magana ta sami masu kunnen jinta a ƙasar da jam'iyyar NEPU, tun kafuwarta a Kano a watan Agustan 1950, take bayyana siyasa a matsayin gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, ko da yake tushen hujjojin Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur ya fi komawa ga littattafan masu jihadi da koyarwar Musulunci a kan adalci. Inda tasirin Sin ya fito fili shi ne a maƙwabta. A Nijar, bayan haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, an tura wasu matasanta horon soja da na siyasa a ƙasashe da dama, ciki har da Sin, suka dawo suka kai hare-hare ta kan iyakoki a ƙarshen 1964, aka murƙushe su, sannan a watan Afrilun 1965 aka jefa wa shugaba Diori Hamani gurneti a filin idi a Yamai, ya tsira. A Kamaru, wadda iyakarta ba ta da nisa da Mubi, jam'iyyar UPC da ta ɗauki makami ta sami goyon bayan Peking, kuma an harbe Ernest Ouandié, jagoranta na ƙarshe da ya yi yaƙi a daji, a watan Janairun 1971. A irin wannan yanayi, mallakar ɗan jan littafin nan abu ne da zai iya jawo wa mutum tambayoyin 'yan sanda, shi ya sa ya fi yawo a ɓoye tsakanin ɗalibai da 'yan ƙwadago.

Daga nan siyasa ta juya. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a ranar 10 ga Fabrairun 1971, Kamaru ta bi sahu a watan Maris, Nijar kuma a 1974, shekarar da Janar Yakubu Gowon ya ziyarci Sin ya gana da Mao. Sin ta daina tallafa wa 'yan tawaye a waɗannan ƙasashe ta koma gina wa gwamnatoci ayyuka, irin madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai kusa da Garwa, wadda aka kammala a 1982, wadda kuma mutanen jihar Adamawa suka fi saninta da ambaliyar da ke biyo bayan sakin ruwanta. Mao ya rasu a watan Satumban 1976, magadansa suka janye ɗan littafin daga kasuwa, kuma a ƙasar Hausa ya ɓace ba tare da ya bar makaranta ko almajirai ba, sai tsirarun malaman jami'a a Zariya da Kano da suka ci gaba da karanta Mao da Ingilishi tare da Marx da Lenin.

Dalilin wannan ɓacewa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna wani abu game da yadda littafi ke rayuwa a wannan ƙasa. A al'adar karatun zaure, ɗalibi yakan buɗe littafi a gaban malaminsa ya ja baƙi jimla ɗaya, malam ya fassara masa da Hausa ko Fillanci, ya warware kalma mai wuya, ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar, ya faɗi wanda ya karantar da shi da wanda ya karantar da wancan, kafin a wuce jimla ta gaba. Da haka Risala da Ishriniya suka shafe ɗaruruwan shekaru suna raye, da haka kuma Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa suka mayar da waƙoƙin mahaifinsu Shehu Usmanu daga Fillanci zuwa Hausa ga mutanen da suke shirye su haddace su kuma koyar. Zantuttukan Mao sun iso a yanke, an cire kowanne daga muhallin da aka faɗe shi, babu sharhi, babu tarihin muhawarar da ta haife su, babu kuma wanda zai gaya wa mai karatu cewa a daidai shekarun da ake yabon manufofin marubucin, yunwar da ta biyo bayan shirinsa na gaggauta bunƙasa ƙasa, tsakanin 1959 da 1961, ta kashe miliyoyin manoman da ake cewa don su aka yi juyin. Gwamnati ce ta zaɓi abin da za a fassara, ita ta biya kuɗin bugu, ranar da buƙatarta ta sauya kuwa sai fassarar ta zama marainiya.

A daidai lokacin da ake buga ɗan jan littafin Mao da Hausa, mutumin da ya fi kowa cancantar a kira shi jagoran masana falsafar Sin na zamani yana tsare a harabar Jami'ar Peking, ɗalibai suna tozarta shi a bainar jama'a. Sunansa Feng Youlan, an haife shi a 1895 a gundumar Tanghe ta lardin Henan, ya kammala karatu a Jami'ar Peking a 1918, sannan ya tafi Amurka ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kolombiya ta New York, inda John Dewey yake cikin malamansa. Babban aikinsa shi ne Tarihin Falsafar Sin mai juzu'i biyu, na farko a 1931, na biyu a 1934, wanda ya tsara tunanin ƙasarsa na sama da shekara dubu biyu bisa tsarin bincike na zamani, tun daga Konfushiyas da Mozi da Laozi, zuwa shigowar addinin Buddha, zuwa Zhu Xi na ƙarni na 12, yana kawo nassin kowane malami da kansa kafin ya yi masa sharhi. A shekarun yaƙi da Japan, lokacin da manyan jami'o'in arewacin ƙasar suka yi ƙaura suka haɗe a birnin Kunming, ya rubuta littattafai shida tsakanin 1939 da 1946, inda ya gina nasa tsarin, yana sabunta koyarwar Zhu Xi da kayan aikin ilimin manɗiƙi na Turai.

Daga cikin abin da ya bari, wanda ya fi shahara shi ne rabon da ya yi wa rayuwar ɗan Adam zuwa matakai huɗu, bisa gwargwadon fahimtar da mutum yake da ita game da abin da yake aikatawa. A mataki na farko mutum yana bin ɗabi'a da al'ada ne kawai, bai san dalilin abin da yake yi ba. A na biyu ya san kansa, yana aiki don amfaninsa, ko da aikin ya amfani wasu. A na uku ya gane cewa shi ɓangare ne na al'umma, yana aikata daidai don daidai ne. A na huɗu, wanda Feng ya kira matakin sama da ƙasa, ya gane cewa shi ɓangare ne na halitta baki ɗaya, sai aikinsa na yau da kullum, ko ɗebo ruwa ne ko faskare, ya sami wata ma'ana dabam ba tare da ya sauya sana'a ba. Ɗalibin da ya karanta matakan rai a wurin malaman sufaye, daga rai mai umarni da mummuna zuwa mai zargin kansa zuwa natsattse, zai ga inda zai kama zaren maganar, zai kuma ga inda hanya ta rabu, domin Feng bai dogara da wahayi ba, har ma ya yi hasashen cewa wata rana falsafa za ta maye gurbin addini. Musulmi da Kiristan Mubi ba za su yarda da wannan hasashe ba, kuma suna da hujjojinsu, amma ra'ayi ne da aka gina bisa dalili, wanda za a iya zama a warware shi a mayar masa da martani, abin da taken siyasa ba ya ba da damarsa.

Rayuwarsa bayan 1949 ba ta da daɗin labari. Ya ƙi barin ƙasar, ya rubuta wa Mao wasiƙa yana alkawarin sake nazarin tarihin falsafa bisa koyarwar Marx, ya kuma shafe shekaru yana sukar littattafansa na da. A 1957 ya yi ƙoƙarin ceto wani abu daga gadon magabata, inda ya ce kowace tsohuwar magana tana da ma'ana ta musamman, wadda ke ɗaure da zamaninta da tsarin mulkinsa, tana kuma da ma'ana ta gama-gari wadda za a iya gada ko da zamani ya sauya. Aka yi masa ca a kan wannan ra'ayi. Bayan tsarewar da aka yi masa a Juyin Al'adu, Mao da kansa ya ambace shi a 1968 a matsayin wanda za a iya tambaya idan ana son sanin falsafar da jam'iyyar gurguzu ke adawa da ita, aka sassauta masa. Sai dai a 1973 ya shiga yaƙin farfagandar da aka ƙaddamar a kan Konfushiyas, malamin da ya shafe rayuwarsa yana karewa, kuma wannan tabo ne da wasu abokan karatunsa ba su taɓa yafe masa ba. A shekaru goma na ƙarshen rayuwarsa, idanunsa sun kusa rufewa, 'yarsa marubuciya Zong Pu tana jinyarsa, ya riƙa shifta wa mataimaka sabon tarihin falsafar Sin mai juzu'i bakwai, ya kammala shi watanni kaɗan kafin rasuwarsa a watan Nuwamban 1990. Juzu'i na bakwai, wanda ya auna tunanin Mao ya nuna kurakuransa, sai a Taiwan da Hong Kong aka fara buga shi.

Abin da ya fitar da sunan Feng duniya aikin mutum ɗaya ne mai haƙuri, wani Ba'amurke mai suna Derk Bodde, wanda ya zauna a ajinsa a Peking a shekarun 1930. Bodde ya fitar da fassarar juzu'i na farko da Ingilishi a 1937, na biyu kuwa bai fito ba sai 1953, shekara goma sha shida tsakani, saboda yaƙi da kuma nauyin aikin. Bai tsaya ga mayar da jimloli ba: ya ƙara shekarun sarakuna da dauloli, ya sa bayanai a kan mutanen da marubucin ya ɗauka kowa ya san su, yana kuma komawa ga Feng da tambaya a inda nassi ya shige masa duhu. Lokacin da Feng ya je Jami'ar Pennsylvania a 1946 ya koyar na shekara guda, darussan da ya bayar da Ingilishi su ne Bodde ya tace suka zama Taƙaitaccen Tarihin Falsafar Sin na 1948, mai babi 28, littafin da Sinawa da kansu ba su same shi cikin harshensu ba sai a 1985, da wani tsohon ɗalibinsa, Tu Youguang, ya fassara musu shi. Wannan shi ne irin aikin da malamin zaure ke yi, an dai yi shi ne a kan takarda.

Akwai wata hanya ta uku da ta fi kusa da malaman ƙasar Hausa, wadda ta biyo ta Larabci. A 1931 wani matashi Musulmi daga lardin Yunnan, Ma Jian, wanda Larabawa suka sani da Muhammad Makin, ya isa Jami'ar Azhar cikin rukunin farko na ɗaliban Sin, kuma a 1935 ya buga fassarar zantuttukan Konfushiyas da Larabci a Alƙahira. Ya kuma mayar da littafin tauhidi na Shehu Muhammad Abduh zuwa Sinanci, da ya koma gida ya koyar a Jami'ar Peking daga 1946, fassararsa ta Alƙur'ani kuma ta fito cikakkiya a 1981, shekara uku bayan rasuwarsa. Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, wadda ke buga fassarar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ita ce ke buga ta Ma Jian ga alhazan Sin. Ke nan malamin da ke Mubi ko Yola mai karanta Larabci yana da ƙofar shiga tsohuwar hikimar Sin tun kafin a buɗe sashen Hausa na rediyon Peking.

A yau hulɗa ta yi yawa, tunanin da ke ratsowa ne ya yi kaɗan. Babura da wayoyi da fitilu masu aiki da hasken rana na ƙasar Sin sun cika shagunan Mubi, atamfofinta sun cika Kantin Kwari, gidan rediyon da ya fara a 1963 yana nan yana watsa labarai ta intanet, an ma juya wasu wasannin kwaikwayo na Sin zuwa Hausa. Cibiyoyin Konfushiyas na farko da aka buɗe a Nijeriya don koyar da Sinanci suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Legas, dukkansu a kudu. Ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002, ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, idan yana son sanin yadda mutanen da yake sayen kayansu suke tunani a kan iyaye da mulki da riba da mutunci, kusan dole ya bi ta Ingilishi, wato ya ji labarin Gabas daga bakin Yamma, alhali kakansa ya ji muryar Peking kai tsaye da Hausa.

Kayan aikin gyara wannan giɓi suna nan a hannu. Akwai Sinawa da suka shafe shekaru suna aiki da Hausa, akwai Hausawa da suka yi digiri a jami'o'in Sin suka iya harshen, akwai kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, ta kuma daɗe tana aikin samar da kalmomin ilimi. Ya kamata waɗannan ɓangarori su haɗu a kan Taƙaitaccen Tarihin Feng Youlan, su fassara shi babi-babi tare da sharhi a ƙasan kowane shafi, su gwada shi da nassin Sinanci da Larabcin Ma Jian a inda ya kawo maganar Konfushiyas, kuma zaɓen littafin da kuɗin aikin su fito daga jami'o'in ƙasar nan, kada a jira wani ofishin jakadanci ya yanke abin da ya dace Bahaushe ya karanta.